Ranar da Na Je Silima Neman Haƙoran Suruki

Shekarata goma sha huɗu a Dubai kafin na taka gidan silima, kuma ranar da na taka ɗin ba kallo ne ya kai ni ba. Bincike na je.

Aikina lodi ne. A wani sito nake a Ras Al Khor, inda 'yan kasuwar Kano ke tara kayan gyaran motar da suka saya, injina da giyabos da ƙofofi, mu kuma mu naɗe, mu ɗaure, mu cusa a kwantena. Kwana shida a mako. Ranar Lahadi ba na son ganin kowa sai katifata. A Al Nahda nake kwana, mu shida a ɗaki ɗaya, gado kan gado. Ni a ƙasa saboda gwiwa, a samana wani Badamagare direban motar kai kaya, wanda bakinsa ba ya hutawa ko barci yake. Tunda ni Bakano ne, ya mai da ni abin tsokanarsa tun ranar da ya zo, ni kuma na gaji da ramawa.

Wani yaro ne ya fito neman auren 'yata ta fari. Ita tana Kano wurin uwarta, shi yana nan yana aikin kwamfuta a wani ofis a Al Khabaisi. Ta hanyar ƙanwarsa suka san juna, ya je hutu sau biyu ya gan ta, ita kuma ta ce tana so. Yayana ne waliyyi, shi manyan yaron suka je wa. Sai Yaya ya bugo min ya ce asalin yaron sun bincika a can, gidan mutunci ne, amma shekara biyar ba ya ƙasar, halinsa na yau ba wanda zai faɗa sai wanda suke gari ɗaya. Ya ce dangin yaron za su dawo jin amsa ranar Litinin ta sama, kafin nan yana son magana ɗaya daga bakina, a ba shi ko a dakata.

A gida bincike ba wuya. Ka tambayi maƙwabta, ka tambayi mai shagon bakin layi, ka tsaya wurin liman bayan sallar Magariba, kafin kwana biyu ka san har abin da yaro ya yi yana aji uku. A Dubai wa zan tambaya? A nan mutum sai ya shekara uku bai san wanda ke ƙofar da ke kallon tasa ba. Na je ginin da yake, mai gadi ya ɗaga min babban yatsa, shi ke nan shaidarsa. 'Yan garinmu da na tambaya amsarsu ɗaya kamar sun yi hadda: ba ya shan komai, yana salla, yana kula da iyayensa.

Shi kansa ya zo gaishe ni sau uku. Kullum da farar shadda da hula, ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, kai a ƙasa. Baba ina wuni, Baba ya aiki, sai shiru. A kawo masa shayi ba zai taɓa ba. Fuskar nan a ɗaure kamar ta mai duba fasfo a filin jirgi. Ban taɓa ganin haƙoransa ba.

Da don ta ni ne, da na ce wa Yaya a ba shi na huta. Uwar yaran, wato matata, ita ce ta ɗora min aiki. Ta kira ni ina cin abincin rana a inuwar kwantena, ta ce:

"Malam, sallarsa da sana'arsa duk an gaya mana. Ni abu ɗaya nake so ka duba min. Ka duba ko yana dariya."

Na ce mata wannan wace irin magana ce, aure ake ko wasan yara.

"Ka san 'yarka," in ji ta. "Ko cokali ne ya faɗi sai ta yi dariya. Za a ɗauke ta a kai ta saman bene, ba ni, ba ƙawa, ba maƙwabciyar da za ta leƙa ta katanga. Mutum ɗaya za ta riƙa gani daga safe zuwa safe. In ya zama irin wanda ba ya dariya, ni na san yadda zaman yake."

Shekara ashirin da bakwai muna tare, ban buƙaci ta ƙarasa ba.

A ɗakin mutum shida ba a ɓoye damuwa. Kwana biyu Badamagaren ya tatse maganar daga bakina, ya yi dariyar da ta ishe shi, sannan ya ce shi yana da dabara. Ya san abokin aikin yaron, wani ɗan Kaduna, yakan kai musu kaya ofis. Ya ce duk Lahadi bayan Azahar su biyun suna zuwa silima a babban mol ɗin nan, rukunin kantunan zamani na bakin iyakar Sharjah, kuma a makon nan fim ɗin barkwanci ake yi. Mu bari a kashe fitila, mu lallaɓa mu zauna can baya, in ga abin da nake son gani, mu fito kafin a tashi. Wanda bai yi dariya a wurin ba, in ji shi, to ko a Aljanna sai an yi masa cakulkuli.

Ni silimar da na sani ta ƙuruciyata ce, filin Allah ba rufi, benci a jere, inda ka samu nan za ka zauna, wanda ya makara ya tsaya a baya. Shi ma Badamagaren duk cika bakinsa a waya yake kallonsa, bai taɓa shiga ba. Da aka ce masa ta waya ake yankan tikiti, sai ya roƙi ɗan Kadunan ya yankar masa biyu, ya ce shi da wani dattijo ne mai son ganin duniya. Bai gaya min haka ba sai daga baya.

A cikin bas ya buɗe waya yana karanta min abin da mutane suka rubuta a kan fim ɗin, yana juya min da Hausa. Ashe taurari ake ba wa fim kamar soja. Wani ya ba shi ɗaya, ya ce an cinye masa awa biyu na rayuwarsa. Wata ta ba shi biyar, ta ce ta yi dariya har mijinta ya canza kujera. Wani ya rubuta dogon bayani yana fushi cewa tashin jarumin sama ya yi kama da katun ɗin yara, ana ganin ƙaryar ƙuru-ƙuru. Wani a ƙasansa ya ce masa ai da gangan aka yi, wanda bai gane ba shi ne katun ɗin. Suka yi ta zagin juna. Na ce masa waɗannan mutane ba su da aiki ne? Ya ce da ɗan Faransancinsu, "Bon, tsoho, kai mai aiki ina za ka yanzu?" Na juya na kalli taga.

Mun shiga an riga an kashe fitila, sanyi kamar cikin firji. Wata yarinya 'yar Filifin da tocila ta duba wayar Badamagaren ta ce mu biyo ta. Na ga tana ta gangarawa da mu gaba. Na ce mata baya, baya, ina nuni da hannu. Ta ce lamba. Ashe kowace kujera da lambarta, ba a zama inda aka ga dama. Ɗan Kadunan kuma, da ya ji Hausawa 'yan uwansa za su zo har da dattijo, ya ga bai dace mu warwatse cikin baƙi ba. Huɗu ya yanka a jere.

Ta haska min kujerata. A ta kusa da ita wani ne ya miƙe ƙafa, da wandon jins da ƙaramar riga, kai ba hula, ya rungume bokitin gugguru kamar an ba shi jariri. Hasken ya faɗa fuskata, ya ɗago. Yaron ne.

Ban taɓa ganin mutum ya tashi da sauri haka ba. Gugguru ya watse har layin gaba. A ɗan matsattsen wurin nan tsakanin kujera da kujera ya nemi durƙusawa, gwiwarsa ta bugi ƙarfe, yana cewa Baba ina wuni, Baba an zo lafiya. Na baya suka fara yi mana tsawa, wani Balarabe yana yalla yalla, ku zauna. Na tsaya ina lissafi. In na juya na fita, ya gane leƙen asiri na zo. In shi ya fita, ya zama ya guje ni. Na ce masa zauna. Ya zauna a bakin kujera, ya miƙa wa abokinsa bokitin, bai ƙara kai hannu ba. Badamagaren ya sunkuyo kunnena ya ce ai ga shi na samu kusa, ba sai na wahalar da ido ba. Allah ya isa kawai na iya ce masa.

Turancin fim ɗin ban ji ko rabi ba, rubutun Larabcin da ke ƙasa kuma kafin in haɗa baƙi uku ya wuce. Amma ba ya buƙatar ji. Wani ƙaton mutum ne mai tumbi, ya samu ƙarfi ta wata hanya da ban gane ba, ya ɗinka wa kansa matsattsun kaya kore da wani ƙyalle a baya kamar alkyabba. Yana iya tashi sama, sauka ce bai iya ba. Duk inda ya je ceton mutane sai ya faɗo ta rufin gidan da ba shi ake nema ba. Ƙyallen nan kuma ba abin da bai kama ba, ƙofar lifta ta kama, fanka ta naɗe shi ta yi ta juyi da shi, ya taka da kansa ya gangaro daga bene yana tsalle kamar ƙwallo. In aka buge shi a ka sai idanunsa su fito waje su koma. Ɓarawon da yake bi siriri ne kamar tsinken tsire, kuma duk dukan da aka kai wa ɓarawon a jikin jarumin yake ƙarewa.

Ɗakin ya kaure. Wasu Indiyawa iyali guda a gabanmu, uwar tana dariya tana dukan kafaɗar mijinta. Balaraben da ya yi mana tsawa yana buga cinya yana tari. Wani Bature ya tashi a tsakiya ya fita yana girgiza kai, bai dawo ba. Badamagaren kuwa har zamewa yake daga kujera.

Ni ina kallon yaron ta wutsiyar ido. Hannu biyu a kan gwiwa kamar mai zaman tahiya, ido a kan allo, fuska ko motsi. A cikin sanyin nan gumi yake. Sau ɗaya ya yi gyaran murya, shi ke nan.

Sai aka zo wurin tashar jiragen ruwa. Jarumin ya tsaya ya riƙe ƙugu yana jawabi, igiya ta tsinke, kwantena guda ta faɗo masa a ka. Na runtse ido. Na san abin da ƙarfe ke yi wa mutum. A sitonmu injin mota ɗaya ne ya zame ya sauka a ƙafar wani ɗan Bangaladash da muke lodi tare, har aka mai da shi ƙasarsu bai ƙara taka ta daidai ba. Da na buɗe ido an ɗaga kwantenar, ga jarumin ya baje a ƙasa kamar gurasa, idanu biyu kawai ke ƙiftawa. Wata tsohuwa mai shara ta zo ta ɗaga shi da hannu ɗaya, ta karkaɗe, ta sa masa famfon keke a baki tana bugawa, fus, fus, fus. Ƙafa ɗaya ta cika, ɗayar ta ƙi. Ta ƙara bugawa, ya kumbura ya wuce misali, ta zare famfon, iska ta kwashe shi yana zagaya sama yana wata ƙara da ba zan rubuta ba. Ya faɗo ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ba abin da ya same shi.

Wani abu ya taso min daga ciki wanda na manta hanyarsa. Na danne. Ina zaune kafaɗa da kafaɗa da mai neman 'yata, ba zan wage baki a gabansa ina ƙyaƙyata wa mai koren wando ba. Na cije leɓe, na riƙe hannun kujera, na karanta duk abin da ya zo bakina. Haka muka ƙarasa, mutum biyu kamar an kawo su zaman makoki cikin gidan biki.

Da aka kunna fitila muka fito, kowa ya zama alƙali. Indiyawan nan suna gardama da yarensu, uban yana kwaikwayon famfo. Wasu 'yan mata suna ɗaukar hoto da kwalin jarumin. Badamagaren, wanda hawaye bai gama bushewa a fuskarsa ba, ya ce shi tauraro biyu zai ba shi, don an raina wa mutane hankali, ko a waya ya ga tashi sama da ya fi wannan kyau. Ɗan Kadunan ya ce ai kyan abin ke nan, da an yi shi kamar gaske da tausayi zai ba ka, ba dariya ba, wa zai yi dariya an danne mutum na gaske? Badamagaren ya ce to me ya sa ba su zana shi da fensir ba gaba ɗaya su huta. Suka yi ta yi. Yaron yana gefe, ya harɗe hannu a baya, yana ƙoƙarin ɓoye wandon jins ɗinsa a bayan wata tukunyar fure.

Na juya na tambaye shi, shi ya ya gani.

Ya kalli ƙasa. "Baba, shirme ne. Da na san haka yake da ban zo ba."

Na ce to. Ɗaki guda ya yi dariya, har ni da aka sani da ɗaure fuska sai da na sha da ƙyar, shi ko gezau, kuma ga abin da ya ce. Na tuna 'yata da cokalinta. A raina na gama shirya abin da zan gaya wa Yaya: a dakata. Na san za ta yi kuka, na san za a ce uban da ba ya nan shi ne ya zo ya ɓata. Na gaji tun kafin a fara.

An kira La'asar, muka nufi masallacin mol ɗin. Yaran suka ja baya suka ce mu yi gaba. Badamagaren ya yi alwala ya wuce, ni na shiga kewaye. Da gwiwa irin tawa komai sai a hankali. Ina shirin fitowa na ji mutum biyu sun shigo wurin alwala, wanda katanga ce kawai ta raba mu. Na ji muryar ɗan Kadunan yana cewa ai mun riga mun shiga masallaci, ya ga takalmin direban. Aka buɗe famfo. Can sai ya yi ƙasa da murya ya ce, "Fus. Fus. Fus."

Abin da ya biyo baya, da farko na zaci wani ne ya shaƙe. Kamar tsohon inji da aka daɗe ba a tayar ba, ya yi tari, ya yi tari, sannan ya kama. Dariya ce har da shessheƙa, har da dukan bango, irin wadda mutum ke neman numfashi ya rasa. Tsakaninta na ji muryar da na saba ji tana cewa Baba ina wuni.

"Ka bari, don Allah ka bari, cikina. Wallahi na ciji harshena har na ji gishirin jini. Awa biyu. Kuma lokacin da tsohuwar ta zare famfon, na ji kujerar Baba tana rawa. Na ce in na kalle shi na mutu, auren ma ya mutu."

Ɗan Kadunan ya ce to me ya sa ya ce shirme ne. Ya ce to me zai ce, ya ce wa uban yarinya shi mai son koren wando ne? Suka sake fashewa.

Na tsaya a bayan ƙofa, hannuna a kan sakata. Sai a lokacin na tuna ranar da na je gaida mahaifin uwar yaran, Allah ya jiƙansa, cinnaka ya shiga ƙafar wandona ya yi ta cizo, ban motsa ba har aka shafa fatiha. Tsohon ya ce wa mutane yaron nan akwai natsuwa. Ni da na yi wannan, ni ne na zauna ina jiran suruki ya nuna min haƙora.

Ban fito ba sai da na ji sun gama sun tafi. In na fito ya san na ji, ba zai ƙara iya haɗa ido da ni ba har abada. Na rasa jam'in La'asar ranar, ni kaɗai na yi a gefe.

A tashar bas na kira Yaya na ce a ba shi. Ya tambaye ni me na gano, na ce yaron yana da kunya. Sannan na kira uwar yaran.

"Yana yi," na ce mata.

"Ka gani da idonka?"

"Na ji da kunnena."

Sai ta ce, "Kai fa, Malam? Ka yi?"

Na ce na kusa. Ta ce to Allah ya sa a dace, ta kashe tana dariya.

Badamagaren ya dame ni sai na faɗi taurari nawa zan ba fim ɗin. Na ce ban kalle shi ba, suruki na kalla. Lahadin da ta biyo na koma ni kaɗai, na roƙi mai yankan tikiti ta ba ni can baya inda ba wanda ya san ni. Mun yi lodin kwantena uku a makon. Kujerar da laushi, ga sanyi, ga duhu. Kafin mutumin ya gama ɗinka koren wandonsa barci ya kwashe ni, mai shara ne ya tashe ni. Ban sake komawa ba.

An ɗaura aure bayan Babbar Salla, biza ta fito, 'yata tana nan yanzu, hawa na tara a wani gini da bai fi tafiyar minti ashirin daga namu ba. Nakan je wasu Lahadin. Daga fitowa lifta nake jin dariyarsu, tata a sama, tasa a ƙasa kamar injin nan. Da na ƙwanƙwasa sai ɗif, in ji gudu ana neman hula, ya buɗe ya durƙusa, Baba ina wuni. Haka za mu ƙare ni da shi, na sani, kuma haka ya kamata. Shi ya sa ba na saurin ƙwanƙwasawa. Nakan jingina da bango in huta da gwiwata tukuna.